Sista Ba Ta Yarda da Rabin Ƙwaya Ba

Shekara talatin Sista ta yi tana aiki a babban asibiti, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa riƙe sirinji ba. Tsintsiya da bokiti da tsumman goge ƙasa su ne kayan aikinta. Amma da ta yi ritaya ba ta fito hannu rabbana ba. Ta fito da farar riga da wata nas ta yar, da abin sauraron ƙirji wanda kunnensa ɗaya ya karye, da muryar nan ta mutanen asibiti wadda idan suka ce "na gaba!" sai cikinka ya ɗuri ruwa. Sunan ma can ta samo shi. Masu jinya duk macen da suka gani da farin takalmin roba Sista ce a wurinsu, ita kuwa ba ta taɓa gyara wa kowa ba.

Ni tela ce. Ɗakina yana kallon nata a gidan hayar da muke, irin gidan nan da ɗakuna suka kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya da ake rigima a kanta kullum. Keken ɗinkina a bakin ƙofa yake, saboda haka abin da ya wuce ni a gidan nan bai taka kara ya karya ba.

Duk wanda kansa ya sara, ɗakin Sista ya nufa. Sai ta zura farar rigar, ta ɗora abin sauraron a bayanka ta saman kaya, ta lumshe ido, ta ce, "Taifot." Ciwon haƙori taifot, ciwon baya taifot. Matar Direba ta taɓa zuwa da jiri da amai, aka ce mata taifot ne, ya kama ta da kyau. Bayan wata tara ta haife shi. Yarinyar tana nan tana guje-guje a tsakar gida, kuma kowa Taifot yake kiranta, har uwarta idan ta manta.

Babban ilimin da Sista ta fito da shi daga asibiti shi ne cewa likitoci rowar magani gare su, kuma talaka suke yi wa. "Ni za a gaya wa?" in ji ta. "Na share ɗakin manya, na share na yaku-bayi. A ɗakin manya ƙaramin kofin nan na magani cike yake, ja da fari da ruwan ɗorawa. A namu kuwa ƙwaya ɗaya ce take zaman makoki a gindin kofi." Cewa ciwon wani ba na wani ba ne, wannan bai taɓa shiga lissafinta ba.

Ita da jikanta suke zaune, ɗan 'yarta. Angona take ce masa, wasan kaka da jika, sunan ya bi shi. Uban ya tafi neman aiki tun yaron bai yi haƙori ba, har yau bai samu ba da alama. Uwar ta sake aure a wani gari, mijin ya ce yana son ta da komai nata ban da wannan. Likitoci sun ce sunan lalurar otizim, Sista ta ce ta san shi farin sani. Ango ba ya kallon idon mutum, kalmominsa ba su wuce "Kaka" da "ruwa" da "a'a" ba. Da safe yakan bi ƙofa-ƙofa ya jera takalman mutane, kowane da ɗan'uwansa, yana wani ɗan gunji a maƙoshi wanda ni dai yana yi mini daɗi. In ya gama sai ya tsuguna gaban famfo ya tara hannu, yana kallon ruwa yana bin yatsunsa, yana dariya shi kaɗai. Ta yi masa wanka, ta yi masa aski da kanta don ba ya yarda da injin wanzami, ta cire masa takardar wuyan riga don tana damun fatarsa. In ana maganar riƙo, ban ga wanda ya kama ƙafar Sista ba.

Matsalarsa ƙara ce. Gidanmu kuwa, Allah na tuba, tashar mota ta fi shi natsuwa. Direba ba ya shigowa ya kira matarsa, sai ya tsaya a ƙofar gida ya danne ham har sai ta fito. Malamin makaranta yana da rediyo da yake ganin duk unguwa na bukatar labaran duniya. Amaryar ɗakin lungu tana da injin markaɗe, ni kuma ina da keke, ban cire kaina ba. In abin ya haɗu sai Ango ya toshe kunnuwa, ya yi ta jijjiga, ya buga kansa a bango, wanda ya taɓa shi a lokacin kuma ya hankaɗe shi. Yana ƙarami hankaɗar abin dariya ce. Da ya shekara sha bakwai, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, dariya ta ƙare.

Wata rana da hantsi ham da rediyo da injin markaɗe suka tashi tare. Ango yana durƙushe ya toshe kunnuwa, Taifot ta zo da wasa ta janye masa hannu. Ya ture ta, ta faɗa kan dakalin famfo, goshi ya fashe. Ba na rage wa abin nan komai: jini ya wanke wa yarinyar fuska, sai da aka yi mata ɗinki, kuma uwarta tana da gaskiyar kukan da ta yi. Kafin la'asar mai gida ya iso da tumbinsa da tarin makullansa. Ya ce shi gidan haya ya gina, ba asibitin mahaukata ba. In aka sake ko da fasa kofi ne, Sista ta nemi wani wurin. Direba ya ƙara da cewa ya san wani gida a bayan gari inda ake ɗaure irinsu da sarƙa, kuma zai kai shi kyauta.

Ranar na ga Sista ba farar riga, ba murya. Ta zauna a bakin ƙofata ta ce, "Tela, wane mai gida ne zai karɓe mu in ya ji dalilin tashinmu? In na rasa ɗakin nan, wallahi sarƙar nan ce za ta ci shi." Ta ba ni tausayi ƙwarai. Na ce ta shirya, gobe in raka su wurin likita.

Likitar ƙwaƙwalwa muka gani, wata siririyar mace mai gajiyayyun idanu, layi har bakin matakala yana jiranta. Duk da haka ta zauna ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce maganin asalinsa na masu taɓin hankali ne, amma ana ba masu irin lalurar Ango kaɗan idan kai wa mutane duka ya yi yawa. Ba ya warkar da otizim, zafin kawai yake ragewa. Rabin ƙwaya a rana, kada a ƙara. A lura da ƙiba, da yawan barci, da rawar hannu, a dawo da shi a auna shi. Sannan a nemo abin da yake tayar masa da hankali a rage shi, don ƙwaya ba ta toshe kunne.

Tun ba ta kai aya ba Sista take cewa, "Na sani, 'yata, na sani. Kafin a yaye ki nake gidan nan."

Muna fita ta riƙe mini hannu. "Kin ji ko? Rabi! Ƙato kamar wannan, rabi. Don ta ga takalminmu ne. Da ɗan wani ne, uku za ta rubuta har da na shafawa."

Na ce, "Sista, a dai bi abin da ta faɗa."

Da farko ta bi, da reza take raba ƙwayar tana tsaki. Kuma gaskiya rabin ya yi aiki. Buga kai ya ragu, in ƙara ta tashi yakan yi ihu ya shige ɗaki maimakon ya kai hannu. Yana jera takalmansa, yana dariyarsa a famfo. Da an bar abin haka, da ba ni da labarin ba ku.

Sai mai gida ya zo duba wata kwata da ta toshe, Direba ya danna ham, Ango ya ƙwalla ƙara daga ɗaki. Mai gida ya ɗaga gira ya ce, "Au, har yanzu?" Kalma uku ke nan. Washegari reza ta huta, Ango ya sha guda cur.

Guda ta sa shi barcin rana, gida ya ɗanɗana abin ya ji daɗi. Daga nan aka fara zuwa da oda kamar wurin mai shayi. Malamin makaranta ya leƙo ya ce, "Sista, gobe ina makin jarabawa, a ɗan taimaka wa Ango." Shi da rediyonsa ke hana jariri barci! Amarya ta ce danginta za su zo ganin ɗaki, kada a ji kunya. Direba ya ce ya kwana a hanya, yana son ya runtsa. Sista ta zura farar riga, ta gyaɗa kai irin na manya, ta ce za a duba. Aka samu ta safe, aka samu ta rana, aka samu wadda ake kira ta baƙi. Da maganin ya ƙare kafin lokacinsa ba ta koma wurin likita ba, don me za ta koma wa marowaciya? Akwai wani mai kemis a bakin titi wanda ba ya tambayar takarda, shi in ka ce guba kake so sai dai ya tambaye ka ta ruwa ko ta gari.

Kasuwar Sista ta buɗe. Labari ya zaga cewa ta warkar da jikanta da likitoci suka kasa. Wata mata daga layin baya ta zo neman ƙwaya biyu don mijinta mai faɗa, wata kuma don surukarta. Allah ya taimaka Sista ta hana, ba don ta ga haɗari ba, sai don kada na Ango ya yanke. Mai gida da kansa ya kawo mata lemo, ya ce da duk 'yan haya irinta ne da bai kamu da hawan jini ba.

Ango kuwa ya kumbura. Rigunan da na ɗinka masa suka ƙi shiga, na buɗe su, suka sake ƙi. Yana zaune a tabarma inda aka ajiye shi, baki a sake, yawu na zuba a ƙirji, yatsu na rawa. Takalma suka koma warwatse a ƙofofi, ba wanda ya ce uffan. Famfo na zuba a gabansa ba ya ko juyawa. Masu wucewa su ce, "Kai, masha Allahu, Ango an yi ƙiba, sauƙi ya samu!" Matar Direba ta ce yanzu ya fi 'ya'yanta hankali. Ni kuwa na sami Sista na ce, "Yaron nan fa ba lafiya ba ce wannan. Ba abin da likita ta ce a lura da shi ba ke nan?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Tela, ke da allurar ɗinki, ni da ta asibiti. Kowa ya tsaya a tasa."

Raina ya ɓaci, na ce mata ko allurar ɗinkin ba ta iya zura wa zare ba. Muka yi kwanaki ba ma gaisawa. Amma ina kallonta ta saman keke. Takan zauna kusa da shi ta ce, "Angona, ce Kaka." Shiru. Ta goge masa baki da gefen zane, ta waiga ko wani ya gani, ta ɗaga murya ta ce wa tsakar gida, "Hutawa yake yi."

Ranar da abin ya fashe, surukan Malamin makaranta ne za su zo, aka yi odar ta baƙi a kan ta safe. Da azahar ina ɗinki na ji wani gurnani da ban taɓa ji ba. Wuyan Ango ya murɗe gefe guda ya ƙage, idanu sun kafe sama, harshe ya fito ya ƙi komawa. Amarya ta ce aljanu ne, Malam ya ce a rufe ƙofa kada baƙi su gani. Sista ta fito da gudu da abin sauraronta, ta ɗora a ƙirjinsa. Kowa ya yi tsit ana jira ta ce taifot. Sai ta saki abin ya faɗi ƙasa, ta ce, "Tela, ki rufa mini asiri, ban san mene ne wannan ba."

Direba ne ya kai mu, in ba shi haƙƙinsa, kuma ranar ham ɗinsa ya yi amfani. Aka yi wa Ango allura, a hankali wuyan ya saki, ya yi barci. Likitar nan ta zo ta tambayi nawa ake ba shi. Sista ta fara kame-kame, ta ce ya danganta da yanayi.

"Yanayin wa, Mama?" in ji likita.

Ni na amsa. Na ce yanayin jarabawa, da na surukai, da na wanda ya kwana a hanya. Likita ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta ce rabin da ta rubuta ko ɗanta ne shi za ta rubuta. Ta ce ba za a tsayar da maganin farat ɗaya ba, za a riƙa ragewa har a koma rabi, kuma ita za ta riƙa ganinsa. Sannan ta ce, "Amma in gaya miki gaskiya, Mama. In ya dawo, da ihunsa zai dawo. Rabin zai rage kai hannu, ba zai mayar da shi kujera ba."

Sista ta ce, "Mai gida zai kore mu."

Likita ta ce wannan kam ba ta da ƙwayarsa.

Da muka koma, Sista ta bi ɗaki-ɗaki, ba farar riga, tana roƙo. Direba ya daure ya riƙa shigowa da ƙafarsa, Malam ya rage rediyo, Amarya ta riƙa faɗa kafin ta kunna inji don a shigar da Ango ɗaki. Ni na mayar da kekena ciki na sa masa tsumma a ƙasa. Direba ya ce shi da motarsa, a titin gwamnati, ba mai hana shi ham. Malam ya ce sauraron labarai haƙƙin ɗan ƙasa ne. Amarya ta ce to, ta kiyaye kwana biyu, ta manta. Kowa kuma ya rufe da shawara ɗaya: a mayar da yaro kan maganinsa, ai da ana zaune lafiya. Kunya dai ba a sayar da ita a kemis, da na saya musu.

Reza ta dawo aiki. A hankali yawun ya tsaya, kumburin ya fara saɓewa, idanun suka fara bin motsi. Wata safiya na buɗe ƙofa na tarar da silifas ɗina a jere. Gida kuwa ya shiga zaman ɗar-ɗar, matar Direba ta hana Taifot fitowa, kuma ban ga laifinta ba.

Mai gida ya zo da wasu ma'aurata da ke son wani ɗaki da aka tashi daga cikinsa, yana cika musu baki cewa gidansa ko allura ta faɗi sai an ji. Bai rufe baki ba Direba ya danne ham. Ango yana gaban famfo. Ya toshe kunnuwa, ya yi ihu, ya miƙe ya nufi ɗaki kamar yadda ya saba, sai ya tarar mai gida ya tare ƙofar da tumbinsa. Bai taɓa shi ba. Tagar da ke gefe ya kai wa hannu, gilashi ya tarwatse. Ma'auratan suka tuna suna da wani uzuri.

Mai gida ya ce shi mutum ne mai tausayi, ba zai so a ce ya kori tsohuwa ba. Ta mayar da yaron yadda yake kwanakin baya, ya yafe gilashin, ta zauna har ƙarshen ranta. In ba haka ba, ƙarshen wata.

Duk gida ya fito, ana ta yi mata ido ta karɓa. Sista tana tsugune tana cire wa Ango ɓarɓashin gilashi daga hannu. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ƙarshen wata ya yi."

Ɗakin da ta samu can ƙarshen gari yake, bayan ma'ajiyar katako da aka daina amfani da ita. Ba famfo, sai an ɗebo, asibiti kuma mota biyu ne. Mai wurin kurma ne, shi ya sa aka daidaita da wuri. Ranar tashi mutanen gida suka taru suna jimami, Amarya tana tambayar wa zai riƙa duba su yanzu, Malam ya yi jawabi a kan zaman tare. Aka ɗora katifa da tukwane a bayan a-kori-kura.

Ango ya ƙi shiga. Bai san wani gida ba sai wannan. Ya zauna daɓas a bakin titi yana jijjiga yana cewa a'a, a'a, mai motar yana duba agogo. Sista ta zauna kusa da shi a ƙasa, da tsufanta da ciwon gwiwarta, ta ce wa mai mota ya kashe inji, ba inda za a sai Angonta ya yarda. Da ta kai hannu za ta gyara masa riga, ya cafke damtsenta da haƙori. Na yi salati na yo kanta. Ba ta fizge ba, ta bari har ya saki don kansa, sannan ya kifa kansa a cinyarta yana kuka.

Na ce, "Sista, kawo in gani, ya fasa?"

Ta miƙo mini hannun, shatin haƙora ya fito raɗau, hawaye na bin fuskarta, tana dariya.

"Duba nan, Tela," in ji ta. "Watan jiya ko burodi ba ya iya taunawa, sai na jiƙa masa."

Na shiga ɗaki na ɗauko ƙyalle mai tsabta na ɗaure mata, na zauna tare da su a bakin titin muna jira.